Wa Ke da Daren Ankara?

Duk wanda ya saba duba tsofaffin hotunan biranen bakin teku na Afirka ta Yamma ya san irin hoton da nake nufi. Baƙi da fari ne. Makaɗa takwas ko goma sun jeru a kan dandamali cikin kwat da laktaye, mai busa ya ɗaga ƙahonsa sama, mai ganga na murmushi, a gabansu maza da mata sun cika fili suna rawa bibbiyu a ƙarƙashin fitilu. Yau irin wannan hoto ya zama haja. Ana manna shi a bangon gidajen cin abinci, ana buga shi a jikin tsofaffin fayafan da kamfanonin Turai ke sake fitarwa, tun daga 1986 da kamfanin RetroAfric na Landan ya buɗe kasuwarsa da tattara waƙoƙin E.T. Mensah na Gana. Tare da hoton kuma sai wata magana ta biyo baya, wani lokaci a fili, wani lokaci a sakaye: wai zamanin Turawa zamanin daɗi ne, dare na da aminci, kiɗa na da daraja, mutane na da tsabta da fasali, mu ne muka karɓi abu muka lalata. Kewar ta gaskiya ce, ban kuma ga laifin mai jin ta ba, domin kiɗan ya cancanci a yi kewarsa. Abin da na ƙi yarda da shi shi ne sunan da aka rataya mata. Daren da ake bege a Accra, birnin da fatakenmu suka fi sani da Ankara, da kuma a Legas, 'yan ƙasa ne suka gina shi a bayan katangar da Bature ya yi. Bai kai ganiyarsa ba sai da mulkin mallaka ya kama hanyar kabari, kuma abin da ya kashe shi bai zo ba sai shekaru da dama bayan an sauke tutar Ingila.

A fara da jaz ɗin kansa, tunda da sunansa ake tallar wancan zamani. A New Orleans ta Amurka aka haife shi wajajen farkon ƙarni na ashirin, a hannun jikokin bayi, kuma tun yana jariri ya san katanga. Faifan farko da aka sayar da sunan jaz a 1917 na wata ƙungiyar farar fata ne, Original Dixieland Jass Band. A Cotton Club na unguwar Harlem, inda Duke Ellington ya yi suna tsakanin 1927 da 1931, baƙaƙe ne a kan dandamali, baƙaƙe ke raba abinci, amma kujerun na farar fata ne. Da wannan kiɗa ya tsallako teku zuwa Gwalkwas, ƙasar da ta zama Gana, bai tarar da fili fayau ba. Tun cikin shekarun 1870 sojojin da Ingila ta kwaso daga tsibiran Karebiyan ta girke a Cape Coast suke busa badujala. Matasan Fante suka saurara, suka ɗauki ƙahonin suka ɗora musu kiɗan gida, aka sami abin da ake kira adaha. Waɗanda ba su da kuɗin ƙaho suka yi nasu da ganguna da murya kawai, shi ne konkoma. A tashoshin jiragen ruwa kuwa, ma'aikatan jirgi 'yan ƙabilar Kru daga Laberiya sun yaɗa wani salon kaɗa jita da yatsu biyu, wanda ya zama kiɗan mashaya bammi. A 1928 Kwame Asare, da aka fi sani da Jacob Sam, ya je Landan da abokansa biyu suka naɗi “Yaa Amponsah” a kamfanin Zonophone, waƙar da har gobe makaɗan Gana ke gina sababbi a kan ginshiƙinta.

Sai kuma kiɗan masu kwat. A 1914 aka kafa Excelsior Orchestra a Ankara, daga baya Jazz Kings da Sugar Babies na Cape Coast da Accra Orchestra ta wani malamin makaranta, Joe Lamptey, suka biyo baya. Raye-rayen Turai suke kaɗawa, masu sauraronsu kuma lauyoyi ne da likitoci da manyan akawuna da dillalan koko, 'yan ƙasa masu hannu da shuni waɗanda ba su da hurumin shiga kulob ɗin Turawa, sai suka riƙe nasu irin su Rodger Club. Yebuah Mensah, yayan E.T. Mensah, ya shaida wa masanin tarihin kiɗa John Collins cewa a shekarun 1920 kuɗin shiga irin wannan rawa ya kai sule bakwai da sisi, kuma sai da cikakkiyar shigar dare ta Turawa. Lebura kan yi kwanaki yana dako kafin ya haɗa wannan kuɗi. Don haka talakawa suke taruwa a waje suna leƙe suna saurare, kuma su ne suka laƙaba wa kiɗan sunan hailaif, wato rayuwar manya, da ɗan zolaya a ciki. A hankali makaɗan ciki suka fara sako waƙoƙin titi a tsakanin raye-rayen Turai, domin sun lura cewa ko mai dogon kwat ƙafarsa ta fi saurin motsi idan ya ji kiɗan da aka goya shi da shi. Ke nan tun a tushe akwai katanga biyu: ta Bature da ta hana lauya shiga, da ta lauya da ta hana lebura shiga. Kiɗan ya yi rai ne a daidai wuraren da katangun suka tsage.

Mai kewar zamanin Turawa yakan manta yadda aka tsara birni a lokacin, shi ya sa ya kamata a daɗe a nan. Tsarin ba a ɓoye yake ba, a rubuce yake cikin doka. A Najeriya dokar garuruwa ta 1917, ta zamanin Lugga, ta raba unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, aka ce a bar fili mai faɗin yadi 440 a tsakani ba gini, wai don tsoron sauro da zazzaɓi. Mutanen Kano ba sa bukatar a yi musu dogon bayani: ga Birni, ga Nasarawa ta Turawa, ga Fagge, ga Sabon Gari da aka yanka wa baƙi 'yan Kudu bayan jirgin ƙasa ya iso a 1911. Ikoyi a Legas da Ridge a Ankara duk ɗinki ɗaya ne, kowacce da asibitinta na Turawa da kulob ɗinta na Turawa, inda baƙar fata ke shiga a matsayin kuku ko boyi ko makaɗi. Kulob ɗin Ikoyi da aka haɗe a 1938 na Turawa ne zalla a farkonsa, dalili ke nan da ya sa wasu manyan Legas suka kafa Island Club a 1943 don kowa ya iya zama da kowa. A 1947 aka yi abin da ya tona asirin tsarin gaba ɗaya. Ivor Cummings, babban jami'i a Ofishin Mulkin Mallaka na Landan, ɗan wani likita daga Saliyo da uwa Baturiya, ya zo Legas aikin gwamnati, otal ɗin Bristol ya hana shi ɗaki saboda launin fatarsa. Gari ya ɗauka, jaridu suka yi caa, har sai da Gwamna Arthur Richards ya ba da sanarwar kawar da wariya a otal-otal da wuraren jama'a. A lura da shekarar. Saura shekara goma sha uku kacal mulkin ya ƙare kafin ma'aikacin Sarkin Ingila mai baƙar fata ya sami ikon kwana a otal a babban birnin Najeriya na lokacin. Har abin sha ma an raba: gwamnatocin mallaka na Kudu sun daɗe suna cika baitulmali da harajin barasar da ake shigowa da ita daga Turai, alhali barasar gida ta Gwalkwas, akpeteshie, haramtacciya ce har sai 1962.

Yaƙin Hitila ne ya girgiza wannan tsari, ba kuma da niyya ba. Daga 1940 Ingila ta riƙa sauke jiragen yaƙi a akwatuna a tashar Takoradi ta Gwalkwas, a harhaɗa su a can, su tashi ta Legas da Kano da Maiduguri da Fort Lamy da Khartum har Masar. Dubban jirage suka bi wannan hanya, Amurkawa kuma suka shigo suka kafa sansani a Ankara. Soja baƙo mai albashi a aljihu yana neman wurin shaƙatawa, ga shi ya zo da fayafan suwin, salon jaz da ake yayi a lokacin. Gidajen rawa masu sauƙin kuɗi suka tsiro, ba mai tambayar laktaye a ƙofa. Wani sajan ɗan Sikotilan mai busa saksofon, Jack Leopard, ya haɗa ƙungiyar fari da baƙi mai suna Black and White Spots, ya ɗauki matashi E.T. Mensah, wanda aka haifa a 1919 kuma ya fara busa sarewa tun yana yaro a hannun malam Lamptey. A cikin shekarun yaƙin ne kuma Adolf Doku, mai kaɗa fiyano ɗan ƙasa, da wani injiniya Bature, Arthur Harriman, suka kafa Tempos don nishaɗantar da sojoji da Turawa. Da yaƙi ya ƙare Turawan ƙungiyar suka koma gida, masu sauraro fararen fata suka ragu, ƙungiyar ta faɗa hannun 'yan ƙasa. Dole ta nemi sababbin masu biya, su kuwa ba kowa ba ne illa akawu da direba da tela da 'yar kasuwa da malamin makaranta.

Shekarar 1948 ta haɗa abubuwa biyu da bai kamata a raba su ba. A watan Janairu Nii Kwabena Bonne ya jagoranci ƙaurace wa kantunan Turawa da na Kwarori saboda tsadar kaya. Ranar 28 ga Fabrairu 'yan mazan jiya suka nufi fadar Gwamna ta Christiansborg da takardar koke kan haƙƙoƙinsu, jami'in 'yan sanda Colin Imray ya buɗe wuta, aka kashe Saja Adjetey da Kofur Attipoe da Farabiti Odartey Lamptey. Ankara ta kama da wuta, aka tsare shugabanni shida ciki har da Kwame Nkrumah, daga ranar kuwa kowa ya san mulkin ya fara ƙirga kwanakinsa. A daidai wannan lokaci ne jagorancin Tempos ya koma hannun E.T. Mensah, ma'aikacin haɗa magunguna da rana, mai busa da dare. Mai gangarsu, Guy Warren, wanda daga baya ya koma Kofi Ghanaba, ya je Landan ya yi kiɗa da ƙungiyar Kenny Graham, ya dawo da gangunan Kuba da fayafan kalifso na Tirinidad. Aka rage yawan makaɗa, aka ajiye goge irin na Turai, aka bar ƙahoni uku ko huɗu suna amsa wa juna a kan ganguna, aka koma rera waƙa da Ga da Fante da Twi da Turancin titi. Wannan shi ne sautin da ake kewa a yau. Daga 1952 kamfanin faifai na Decca ya fara naɗar Tempos, a 1953 Mensah ya ajiye aikin gwamnati ya rungumi kiɗa kacokan, King Bruce kuma ya kafa Black Beats a 1952. Tafiye-tafiyen Tempos zuwa Legas tun daga 1950 suka juya kan makaɗan can. Bobby Benson, wanda ya dawo daga Ingila a 1947 yana kaɗa suwin da kalifso, ya karkata zuwa hailaif, daga ƙungiyarsa kuma Victor Olaiya ya fito ya kafa Cool Cats a 1954. Olaiya ya yi kiɗa a liyafar zuwan Sarauniya a 1956, ya kuma yi a bikin 'yancin kai a 1960. Ƙaho ɗaya ne ya yi wa mulki ban kwana ya kuma tarbi magajinsa.

Ranar da ta fi kowace fitowa a hotunan nan ita ce ta zuwan Louis Armstrong Ankara a watan Mayun 1956, tafiyar da gidan talabijin na CBS da ɗan jarida Edward R. Murrow suka ɗauki nauyi don shirya fim. Ƙungiyoyin hailaif suka tarbe shi da busa tun daga filin jirgi, taron da ya yi a tsohon filin folo an ƙiyasta mutum dubu ɗari, ya kuma je kulob ɗin Mensah, Paramount, suka busa tare. A gaban Nkrumah, wanda a lokacin Firayim Minista ne mai jiran ranar 'yanci, ya rera “Black and Blue”, waƙar da ke kukan abin da baƙar fata ke jawo wa mai ita. A takarda ƙasar na ƙarƙashin Ingila, saura wata goma kafin 6 ga Maris 1957, to amma wane mai hankali ne zai kira wannan taro bikin mulkin mallaka? A wannan shekarar ce jihar Louisiana ta kafa dokar hana fari da baƙi haɗuwa a dandamali ɗaya, abin da ya sa Armstrong ya ƙaurace wa wasa a garin haihuwarsa har 1965. Mutumin da ba zai iya hawa dandamali da ƙungiyarsa a New Orleans ba ya zo ƙasar da baƙaƙe ke shirin karɓar mulki. Abin da jama'a suka fito kallo ke nan, shi ma abin da ya zo gani ke nan. Ba a Gwalkwas kaɗai aka ga haka ba. A Léopoldville ta Kwango, inda doka ta hana baƙar fata zama a unguwar Turawa bayan dare ya yi, a mashayun unguwannin baƙaƙe ne African Jazz ta Joseph Kabasele ta tashi a 1953, OK Jazz kuma a 1956. A Johannesburg kuwa, unguwar Sophiatown da ta reni jaz ɗin Afirka ta Kudu, gwamnatin wariya ta fara kwashe mutanenta a 1955, ta rushe ta, ta gina wa farar fata unguwa a kan kufai.

Mai ja da ni zai ce: to, an ji, amma ƙahon wa aka busa? Wa ya kawo jita da garmaho da lantarki da kamfanin Decca? Ba don Bature ba da wane kiɗa za a yi? Akwai gaskiya a nan, kuma ta fi yadda masu kishin ƙasa ke son amincewa. Badujalar soja da ta 'yan sanda su ne makarantun da suka koya wa makaɗa da yawa karanta rubutun kiɗa, tashar Takoradi da aka buɗe a 1928 da kuɗin koko su suka sa kuɗi a aljihun masu zuwa rawa, akwai ma wata moriya da ba a cika ambata ba: Gambiya da Saliyo da Gwalkwas da Najeriya duk fam ɗaya suke kashewa, da kamfanin jiragen sama ɗaya, don haka makaɗin Ankara kan yi wasa a Legas ya dawo da kuɗin da zai kashe a gida ba canji. 'Yancin kai ne ya wargaza wannan, kowace ƙasa ta buga kuɗinta ta ƙarfafa iyakarta, kuma asara ce ta gaske. Sai dai kayan aiki daban, aiki daban. An ba sojan Fante ƙaho ne don fareti, Decca kuma riba ta kawo ta, ta zo ne bayan ta ga akwai masu saye. Irin waɗannan ƙahoni da garmaho sun isa kulob-kulob na Turawa a Ikoyi da Ridge da Nasarawa, an yi shekara da shekaru ana rawa da su, amma ba wanda zai iya nuna salon kiɗa guda da ya fito daga can. Turawan sun ci gaba da rawar da aka yi yayi a Landan bara. Duk faifan da ake sake bugawa yau daga ɗaya gefen katangar ya fito.

Hujja ta biyu ta fi nauyi, ita ce ta aminci: a da mutum kan fito daga rawa ƙarfe biyun dare ya taka har gida, yanzu fa? Ba na musun cewa an yi lokacin da dare ya fi na yau kwanciyar hankali a biranen nan. Tambayar ita ce yaushe ya lalace, me kuma ya lalata shi. Ranar da Turawa suka tafi fitilu ba su mutu ba, ƙaruwa ma suka yi. Nkrumah ya ɗauki hailaif kiɗan ƙasa, otal-otal na gwamnati irin su Ambassador da Star suna da makaɗansu, hukumomi suka kafa ƙungiyoyin kiɗa masu albashi, Mensah ya rera “Ghana Freedom” da “Ghana-Guinea-Mali”, Jerry Hansen ya kafa Ramblers a farkon shekarun 1960, ƙungiyar Uhuru ta bunƙasa. A Legas shekarun Rex Lawson da Roy Chicago da gidan rawar Caban Bamboo na Bobby Benson da ƙungiyar Koola Lobitos ta matashi Fela duk bayan 1960 ne suka fi haske. Rushewar ta zo a hankali, kuma kowane mataki nata yana da kwanan wata. An kifar da Nkrumah ranar 24 ga Fabrairu 1966. Yaƙin basasar Najeriya daga 1967 zuwa 1970 ya kwashe makaɗan Gabas daga Legas, kiɗan juju ya maye gurbi. A 1969 gwamnatin Busia ta kori baƙi daga Gana, ciki har da ɗimbin Yarbawa da Hausawan zango, a 1983 Najeriya ta rama da korar 'yan Gana kusan miliyan guda. Tattalin arzikin Gana ya durƙushe a zamanin Acheampong har kamfanonin faifai suka rasa kayan aiki. Bayan juyin mulkin Rawlings na 31 ga Disamba 1981 aka sa dokar hana fitar dare da ta shafe fiye da shekara biyu, aka kuma ɗora haraji mai nauyi kan kayan kiɗa a matsayin kayan alatu. Ƙungiya mai mutum goma sha biyu ba ta rayuwa idan an rufe gari da dare. Makaɗa suka watse, wasu Jamus, wasu Landan, da yawa suka koma kiɗan coci. Wannan laifin gwamnatocinmu ne da sojojinmu da faɗuwar farashin koko, kuma ya dace a faɗe shi ba kwana-kwana. Amma wanda ya ce mulkin soja ya kashe daren Ankara ya riga ya amsa cewa daren na raye shekara ashirin bayan tafiyar Gwamna.

Akwai kuma gyaran da ya shafi ɓangaren da nake karewa. Ko a ganiyarsa wannan dare na 'yan ƙalilan ne. Yawancin mutanen ƙasashen biyu manoma ne a ƙauyukan da ba su ga lantarki ba. A cikin Ankara kanta, mazauna Nima da sauran zangonni sun zauna a unguwannin da hukuma ta yi wa riƙon sakainar kashi, ba magudanar ruwa ba tituna, kuma kyamara ba ta cika zuwa can ba. Makaɗin da ke sheƙi cikin farin kwat, a idon iyayen yarinyar da yake so mashayi ne marar sana'a, kallon da ba baƙo ba ne ga wanda ya san matsayin maroƙi a ƙasar Hausa. Macen da ta hau dandamali kuwa ta sayi baƙin suna. Hoto yana ɗaukar daren Asabar ne, ba ya ɗaukar safiyar Litinin. Don haka idan na ce a cire sunan Bature daga wannan kewa, ba ina nufin a maye shi da tatsuniyar wani zamanin zinariya na kowa da kowa ba.

Wani mai karatu a Kano ko Zinder zai iya cewa: mu ina ruwanmu da gidan rawa da giya, abin da addini ya hana, al'ada ta ƙi? Ba na roƙon kowa ya so abin da imaninsa ya ƙi. Amma tarihin ya ratsa ta ƙofar gidanmu, ko mun so ko mun ƙi. Tun yarjejeniyar Brussels ta 1890 aka shata yankunan da ba za a sayar wa 'yan ƙasa barasar Turai ba, Arewacin Najeriya na ciki, sai Turawa suka keɓe wa kansu kulob, suka bar Sabon Gari ya zama wurin da doka ke sassautawa. Rabon da har yau ake gani a Kano da Zariya, nan gari can bariki, da duk abin da Bahaushe ke nufi idan ya ce wane ɗan bariki ne, daga wannan shata ya samo asali. Ma'aikatan reluwe da na kantuna da na haƙar kuza a Jos su suka riƙe gidajen rawar Arewa, ƙungiyoyin Kudu na hawowa su yi musu wasa. Da Armstrong ya sake zagayo Afirka a 1960 har Kaduna ya zo, akwai hotonsa tare da Sardauna Ahmadu Bello. Daga baya Bala Miller, mutumin Zariya, ya rera hailaif da Hausa tsantsa da ƙungiyarsa ta Pirameeds. Sannan ita wannan magana ta cewa zamanin Turawa ya fi, ba a kan kiɗa kaɗai ake yin ta ba. Ana yin ta a kan jirgin ƙasa da asibiti da makaranta da kotu, a majalisun hira na Arewa kamar yadda ake yi a Kudu. Kiɗa dai ya fi sauƙin bincike ne, domin kowane faifai na ɗauke da sunan mai shi, kuma an san shekarar da aka buga shi.

Idan aka jera fayafan nan bisa shekarunsu, hukuncin ba shi da wuya. Mulkin Ingila a bakin tekun Gwalkwas ya kafu a hukumance a 1874, ya ƙare a 1957, shekara tamanin da uku. Kiɗan da ake kewa ya soma ne a shekara tara na ƙarshe, lokacin da aka riga aka harbi 'yan mazan jiya, aka kafa jam'iyyar CPP a 1949, aka fitar da Nkrumah daga kurkuku ya zama shugaban harkokin gwamnati a 1951, sannan mafi yawansa an naɗe shi ne a ƙarƙashin tutar Gana da ta Najeriya. Abin da ake ji a cikin busar Mensah da Olaiya, wannan sauƙin zuciya da ke sa tsoho lumshe ido, muryar mutane ce da suka tabbata gobe tasu ce. Wanda ke kewar wannan yana da hujja, domin alkawarin bai cika ba. Amma ya kai ƙararsa inda ta dace, wurin waɗanda suka karɓi mulki suka kasa riƙe alkawarin, kada ya kai godiya ƙofar kulob ɗin da kakansa bai isa ya zauna a ciki ba. E.T. Mensah ya rasu a Ankara ranar 19 ga Yuli 1996 yana da shekara 77, ya yi shekarunsa na ƙarshe a keken guragu, kuma a cikin waɗannan shekaru 77, talatin da tara ya yi su ne a ƙasa mai 'yancin kanta.